Yadda kwamitin makaranta zai gano inda 'yan mata ke zubewa

A makarantun gwamnati na Agege da Idi-Araba a Legas, yarinya takan shiga aji ɗaya lafiya, sai a neme ta a aji biyar a rasa. Abin da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, zai fara yi shi ne raba rajistar kowane aji gida biyu, maza daban, mata daban, a riƙa ƙirgawa duk Juma'a. In an haɗa su jimilla ɗaya, ba a ganin giɓin.

Yarinyar da ta yi kwana uku ba ta zo ba, mace za a tura gidansu. Namiji a ƙofar gida zai tsaya, alhali uwar ce ta san ko talla ce ko ciwo.

Sai banɗaki, inda aka fi sakaci. In ƙofa ba sakata, buta ba ruwa, yarinyar da ta fara al'ada za ta zauna a gida duk wata, kuma kunya ba za ta bari ta faɗi dalili ba. A rubuta wa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a haɗa da hoto, a kai kwafi LASUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jihar Legas.

Taron iyaye kuwa a sa shi da hantsi ranar Asabar, a tanadi mai fassara da Hausa.