Cajar soket ko fawa banki, wanne za a fara saya?

'Yan uwa, idan kuɗinku na abu ɗaya ne, ni a ganina ku fara da cajar soket mai kyau. Fawa banki ba ya samar da wuta, ajiye ta kawai yake yi, shi ma sai an jona shi a caja kafin ya yi amfani. Ku duba ƙarfin da wayarku ke ɗauka, wat 18 ne ko 25, ku sayi daidai da ita tare da igiya mai inganci. Igiya maras kyau tana rage saurin caji ko da kan cajar mai kyau ne.

Amma mai yawan tafiya, ko wanda wuta ba ta zama a inda yake, fawa banki ya zame masa dole. A nan ne mutane suke ruɗuwa da lambar da ke jikinsa. In an rubuta 10,000 mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke iya ajiyewa), abin da zai isa wayarku kusan kashi biyu cikin uku ne, domin batirin cikinsa na bolt 3.7 ne, sai an ɗaga wutar zuwa bolt 5, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Wayar da batirinta 5,000 mAh ne sau ɗaya zai cika ta, da ɗan ragowa. Mai son cika biyu ya nemi 20,000, ya haƙura da nauyinsa.

Don Allah kada ku bar shi a rana ko cikin mota a rufe. Da zarar ya kumbura ku daina amfani da shi. A jirgin sama kuma cikin jakar hannu ake sa shi.