Yadda za ka gane farin da ke kan ganyen latas, ka magance shi

1. Da safe ka murza ganyen da yatsa. Idan farin ya goge tas kuma ganyen lafiya lau yake, ƙurar hunturu ce ko gishirin ruwan ban-ruwa da ya bushe. Wankewa kawai yake bukata.

2. Idan kamar an barbaɗa gari ne sama da ƙasa, musamman a tsofaffin ganye, farar fumfuna ce.

3. Juya ganyen. Rawayan tabo a sama wanda jijiyoyin ganye suka yi wa iyaka, da farin gashi-gashi a ƙasansa, wata fumfuna ce daban, mai son sanyi da raɓa. Ita ta fi ɓarna, domin takan bi kwami cikin 'yan kwanaki.

4. Cire duk ganyen da ya kamu, ka binne shi nesa da lambu. Rage shuka inda ta cushe don iska ta ratsa.

5. Daina yayyafa ruwa a kan ganye da yamma. Zuba a gindi, da sassafe.

6. Ga mai kama da gari, narkar da ƙaramin cokali 1 na bakin soda a lita 1 ta ruwa, da ɗigon sabulu, ka fesa duk mako. Fara gwadawa a kan 'yan ganye, kuma kada ka fesa cikin zafin rana. Fumfuna mai gashi-gashi a ƙasan ganye kuwa wannan ba ya yi mata wani tasiri sosai, sai maganin fumfuna, kamar mai sinadarin jan ƙarfe. Latas ɗanye ake ci, don haka ka cika kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin girbi.