Yadda Ake Ba Kajin Gida Maganin Tsutsar Ciki

Kazar da ke ci amma tana ramewa, zankonta ya koɗe, ƙwai ya ragu, a ɗaga ta a shafa ƙirjinta. In ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, a duba kashinta da sassafe. Doguwar farar tsutsa mai kama da taliya, maganin piperazine ko levamisole na kashe ta. In kuwa gutsattsari ne kamar ƙwayar shinkafa, wannan tsutsa mai faɗi ce da kaji ke ɗauka wajen cin tururuwa da ƙwari, kuma waɗancan magungunan biyu ba sa taɓa ta. Sai a nemi shawarar malamin dabbobi.

Wurin ba da maganin ne aka fi yin asara. Kajin ƙauye suna sha a makwarara da gindin randa, don haka in aka ajiye musu ruwan magani a tsakar gida, ko kallonsa ba za su yi ba. A kulle su a akurki tun magariba, a ɗauke kaskon ruwa. Da asuba a haɗa maganin daidai yadda aka rubuta a jikin leda, domin ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A ba su ruwa kaɗan wanda za su shanye cikin awa 2 zuwa 3, sannan a sake su. Duka garken ake ba, har da zakara da zabi.

Bayan kwana 14 a maimaita, saboda zagayen farko ba ya kashe ƙwayayen tsutsar da ke cikin ƙasa. A kankare kashin akurki a kai gona, a zuba busasshen yashi. Farkon damina da bayan kaka su ne lokutan da bai kamata a tsallake ba. Ƙwai da nama kuma a dakata da ci har kwanakin da ledar ta faɗa su cika.

Ban da tsutsar ciki, akwai kuma ƙwarin jiki. Ƙumar da ke manne wa gefen ido, a shafe ta da man basilin. Kwarkwata, a haɗa toka da yashi a inuwa su riƙa birgima. Kaska a tsagar bango take ɓuya da rana, sai a yaɓe tsagar. Don Allah kada a shafa wa kaza fiya-fiya, guba ce.

Kazar da aka sayo a kasuwar Wudil ko Maigatari, a ware ta mako 2, a ba ta magani kafin ta shiga cikin sauran.