Fitila ta yi kore amma aiki ya ƙi tafiya: kurakuran da aka fi yi wajen haɗa VPN a kan katangar tsaro

Da yawa daga cikinmu ba mu san kalmar VPN ba sai a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, kowa ya ruga ya sauke manhaja a wayarsa. Shi ya sa har gobe idan na ce wa mai kamfani zan haɗa masa VPN, sai ya ɗauka abin nan ne na danna maɓalli ɗaya. Wanda nake nufi daban ne. Bututu ne rufaffe da ake shimfiɗawa ta cikin intanet tsakanin wurare biyu, kamar babban shago a Sabon Gari da reshensa a Samaru, ko tsakanin ofis da kwamfutar akanta mai aiki daga gida a Tudun Wada. Bakin bututun yana kan na'urar da ke gadin ƙofar netwok, wadda muke ce wa fayawol ko katangar tsaro. A nan Zariya MikroTik na fi cin karo da ita, sai FortiGate da Sophos a wuraren da ke da hali, sai masu ɗora pfSense a kan tsohuwar kwamfuta.

Abin da ke damuna shi ne yawancin masu haɗawa, da zarar sun ga alamar haɗuwa ta yi kore, sai su naɗe waya su karɓi kuɗi su tafi. Koren nan abu ɗaya kawai yake faɗa: na'urorin biyu sun gaisa. Bai ce kaya na wucewa ba, bai kuma ce ɓarawo ba zai shiga ba.

Adireshin da ba naka ba

Kafin ka taɓa komai, duba irin adireshin IP da kamfanin intanet ya ba ka. Nan ne mutane suka fi ɓata kwanaki a banza. Idan intanet ɗin ofis daga layin waya yake zuwa, wato sim a cikin rauta, kusan kullum ba a ba ka adireshin da duniya za ta iya ƙwanƙwasawa kai tsaye. Kai da ɗimbin masu layi kuna bayan ƙofa ɗaya ne, tsarin da ake kira CGNAT. Haka ma ƙaramin tsarin Starlink, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023. Gane shi ba wuya: dubi adireshin da ke kan ƙafar na'urarka ta waje. In ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya fara da 10, ko kuma ya sha bamban da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka, to ba mai iya kiranka daga waje. Kai kana iya fita, amma ba a iya shigo maka.

Wasu sai su ce ai za su sa DDNS, wato suna da ke bin adireshinka duk lokacin da ya canza. DDNS maganin adireshi mai canzawa ne, ba maganin rashin adireshi ba. Tamkar ka rubuta sunanka a ƙofar gidan haya ne alhali mai gadi bai san ɗakinka ba. Gyaran shi ne ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu, galibi hedikwata, ya nemi adireshi na kansa daga kamfanin intanet, reshe kuma ya zama shi ne mai kira kullum. In duka biyun ba su da shi, a kama hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da wasu ke haɗuwa da ita, a intanet, kowa ya kira ta, su haɗu a can. Mai amfani da WireGuard, ɗaya daga cikin salon haɗa VPN, a bayan CGNAT ya sa na'urarsa ta riƙa aika ɗan saƙon "ina nan" duk bayan daƙiƙa 25, in ba haka ba ƙofar ta rufe da zarar an yi shiru. Mai IPsec kuwa, wani salon VPN ɗin, ya kunna NAT-T, ya tabbata ƙofofin UDP 500 da UDP 4500 a buɗe suke. Sau tari 500 kaɗai ake buɗewa, a manta da 4500, alhali ta nan kayan ke bi idan akwai NAT, wato tsarin sauya adireshi, a hanya.

Gida biyu, lamba ɗaya

Wannan na gan shi da idona a wani shagon sayar da magani mai hedikwata da reshe. Mai shagon ya kira ni bayan la'asar, ransa a ɓace.

"Injiniya, yaron da ya haɗa mana ya ce komai ya yi daidai, ga shi nan kore. Amma reshe ba sa ganin lissafin kaya. Kwana uku da biro suke rubutawa."

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in duba kwamfutar kanta ɗaya a nan, in kuma kira na can."

Na duba ta nan: 192.168.1.20. Na kira yarinyar da ke kan kanta a reshe, na ce, "Malama, karanto min lambar da kika gani." Ta ce 192.168.1.34. Shi ke nan, an gano ciwon. Duk wuraren biyu an bar su a kan lambar da rauta ta zo da ita daga kamfani. Idan kwamfutar reshe ta nemi saba mai lamba 192.168.1.10, sai ta ɗauka maƙwabciyarta ce a ɗaki ɗaya, ta yi ta kira a cikin gida, ba za ta taɓa miƙa saƙon ga bututu ba.

Maganin shi ne kowane wuri ya samu zangon lambobinsa. Na mayar da hedikwata 10.20.1.0/24, reshe 10.20.2.0/24. Aikin ya ci mu dare, don sai da aka bi firinta da kyamarori da na'urar ɗaukar yatsa ɗaya bayan ɗaya ana sauya musu lamba. Ka guji 192.168.0.0 da 192.168.1.0 a ofis, ka guji 192.168.8.0 da ƙananan rautocin Huawei ke zuwa da ita, da 192.168.88.0 ta MikroTik. Ko rassa ba su yi karo ba, ranar da manaja zai haɗa daga gida ko daga otal a Abuja, a kan ɗaya daga cikin waɗannan lambobin zai tsinci kansa. Akwai dabarar rufa wa karon asiri da NAT, amma ni ba na son ta sai in dole ta kama, domin wanda zai gaje ka a aikin zai sha wuya kafin ya gane abin da ka ƙulla.

Idan kuwa bututun ya ƙi haɗuwa sam, kada ka zauna kana canje-canje da ka. Buɗe rahoton da na'urar ke rubutawa. In ka ga NO_PROPOSAL_CHOSEN, ɓangarorin ba su daidaita a kan salon ɓoye bayanai ba. In ka ga TS_UNACCEPTABLE, zangon lambobin da wannan ya rubuta ba shi ne wancan ya rubuta ba. AUTHENTICATION_FAILED kuma makulli ne ko sunan shaida. Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya, ka rubuta saitin kowane ɓangare, mataki na ɗaya da na biyu, ka gwada su layi-layi. An fi samun wannan idan na'urorin ba 'yan kamfani ɗaya ba ne, don kowane kamfani da abin da yake zuwa da shi.

Ya haɗu, amma shiru

Abu uku nake fara dubawa. Na farko dokar NAT da ke fitar da kowa intanet: in ba ka sa wata doka a samanta da ke cewa kayan da za su reshe kada a sauya musu adireshi ba, za a sauya, IPsec kuma ba zai gane su ba. A MikroTik akwai ƙarin tarko, wato fasttrack, wanda ke tsallakar da kaya ba tare da sun bi ta IPsec ba, sai ka ware kayan bututu daga cikinsa. Na biyu dokokin katangar kanta, domin haɗuwar bututu ba izinin wucewa ba ne. Na uku hanyar dawowa. Saƙo ya isa saba, amma sabar an saita ta da wata ƙofar fita daban, amsa ta bi can ta ɓace.

Akwai wani ciwon mai rikitarwa: ping, wato ɗan saƙon gwaji, yana tafiya lafiya lau, amma manhajar lissafi ta buɗe rabi ta tsaya, ko fayil ya maƙale a hanya. Girman ƙunshi ne. Ƙunshin bayanai a kan wayar netwok yakan kai bayit 1500, layin PPPoE ya rage shi zuwa 1492, VPN kuma ya ɗora nasa lulluɓin a kai. Ƙananan saƙonni su wuce, manya su maƙale kamar babbar mota a lungun cikin birni. A Windows gwada ping -f -l 1472 zuwa wancan ɓangaren, ka yi ta rage lambar har ta wuce. Sannan ka rage MSS, wato iyakar girman bayanan da ke cikin ƙunshi, a kan katangar; 1360 yakan wadatar a yawancin wurare. WireGuard da kansa a kan 1420 yake farawa, amma a wasu layukan waya sai an ƙara sassautawa.

Sai batun agogo, wanda namu ne na nan. Ƙananan na'urori da yawa ba su da batirin riƙe lokaci. A ɗauke wuta, inbata ta mutu, janareta ya tashi, na'ura ta farka da tsohon lokaci, wasu ma har 1970 suke komawa. Satifiket ɗin shaidar na'ura da aka yi bana a wurinta bai fara aiki ba tukuna, sai ta ƙi shi. WireGuard ma yana ƙin gaisuwar da lokacinta ya koma baya. Saita NTP, mai gyara agogo daga intanet, ka bar shi ya fita intanet kai tsaye, kada ka tura shi ta cikin bututun da shi kansa yake jiran agogo. Ka kunna DPD, mai duba ko ɗaya ɓangaren yana raye, domin idan ɗaya ɓangaren ya mutu ya dawo, a sake gaisawa ba sai an kira ka ba. Ƙaramin UPS na katangar kaɗai ya fi kuɗin zirga-zirgar Kwangila zuwa Shika araha.

Inda abin ya fi ba ni tsoro

Duk waɗancan suna hana aiki ne, kowa ya gani, a kira mai gyara. Waɗannan na gaba ba sa hana komai, shi ya sa suke shekara a kwance.

Har yanzu ina samun PPTP, wani tsohon salon VPN, a ofisoshi, wai don ya fi sauƙin haɗawa. Tun 2012 masana suka nuna a bainar jama'a yadda ake fasa tsarin shaidarsa na MS-CHAPv2, Apple ma ya cire shi daga wayoyinsa da kwamfutocinsa a 2016. Rufe shi. A IPsec ka bar DES da 3DES da MD5, ka bar rukunin musayar makulli na DH na 1 da 2 da 5. Ɗauki IKEv2 da AES-256 da SHA-256, rukuni na 14 ko 19 zuwa sama. IKEv1 an yi masa ritaya a hukumance a 2023, kuma salonsa na gaggawa yana fitar da abin da mai kutse zai ɗauka ya je gida ya yi ta gwada makullinka a nutse.

Makullin kansa fa? Na ga sunan shago da shekara, na ga lambar wayar Alhaji. Na ga makulli ɗaya a rassa huɗu, an tura shi a zauren WhatsApp na ma'aikata mai mutum sama da ashirin, wasunsu sun bar aiki tuni. Makulli ya zama haruffa da lambobi barkatai, aƙalla 24, na'ura ce za ta ƙirƙiro shi ba kai ba, kowane reshe da nasa. Masu shiga daga gida kowa da asusunsa, da shaida ta biyu a waya. Ranar da aka sallami ma'aikaci, ko ɗan bautar ƙasa ya gama, ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki ya koma makaranta, a ranar za a rufe asusunsa. Mu nan akwai kunya, ana ganin kamar zargi ne. Ba zargi ba ne. Wayarsa ma ana iya sacewa. A ƙarshen Afrilun 2021 ta wani tsohon asusun VPN da ba shi da shaida ta biyu aka shiga kamfanin Colonial Pipeline na Amurka. A watan Mayu bututun man kamfanin ya tsaya kwanaki, aka yi layi a gidajen mai, kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

Ita ma katangar manhaja ce ke tafiyar da ita, manhaja kuwa ana gano mata ɓaraka. An samu wata a VPN na FortiGate, mai lamba CVE-2018-13379, wadda ke ba na waje damar karanta kalmomin sirri. Kamfanin ya fitar da gyara a 2019, amma a Satumbar 2021 aka watsa bayanan shiga na na'urori kusan 87,000. Har waɗanda suka sabunta daga baya ba su tsira ba in ba su canza kalmomin sirri ba, don an riga an kwashe. MikroTik ma ta samu irin wannan a Winbox, manhajar gudanar da ita, a 2018. Saboda haka sabunta manhaja, sannan ka canza makullai. Kada ka bar ƙofar gudanarwa, 8291 ta Winbox ko shafin shiga na na'urar, tana kallon intanet don kawai kana son gyara daga gida. Shiga ta VPN tukuna, sannan ka gudanar. Kafin kowane sabuntawa ka ajiye kwafin saiti a wani wuri, kuma kada ka yi shi daga nesa ranar da hadari ya haɗo.

Kuskuren da na fi yawan gyarawa a ƙarshen aiki shi ne dokar "kowa ya je ko'ina". Mai haɗawa ya sa ta don gwaji, aiki ya tashi, ya bar ta. Yanzu kwamfutar kanta a reshe, wadda ake soka mata filashin kowa, tana iya taɓa sabar albashi da na'urar kyamarori da komai na hedikwata. Cutar da ta kama ta da safe, kafin azahar ta bi bututu ta iso. Idan asibiti ne ko makaranta, bayanan mutane ne a ciki, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su. Tambayi mai wurin, "Alhaji, mutanen reshe me da me suke buƙata a nan?" Yawanci amsar saba ɗaya ce da firinta. Buɗe waɗannan kaɗai, da ƙofofin da manhajar ke bi, ka rufe saura, ka sa na'urar ta riƙa rubuta duk abin da ta hana.

Ni ba na karɓar cikon kuɗina sai na zauna a kan kwamfutar reshe na buɗe manhajar da suke aiki da ita, na jawo babban fayil, na gwada taɓa abin da na hana na ga ya ƙi. Daga nan in zare wutar katangar reshe, in ƙirga minti biyu, in mayar, in tsaya hannuna a aljihu har bututun ya dawo da kansa. Sannan in je hedikwata in yi mata haka.