Yadda nake haɗa faifai huɗu a saba ta RAID 6

Idan kana kula da saba (server, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan wurin aiki) a makaranta, kantin magani ko ƙaramin ofis, kada ka ɗora komai a kan faifai (hard disk) ɗaya. Ranar da ya mutu, aiki ya tsaya cak. RAID shi ne a haɗa faifai da dama su yi aiki kamar guda, ta yadda, a yawancin nau'o'insa, in ɗaya ya lalace sauran su riƙe bayanan. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ne suka fito da wannan suna a wata maƙala ta 1988.

A ce ka sayo faifai huɗu, kowanne 4TB. RAID 0 zai ba ka 16TB cif, amma ɗaya ya mutu, duka sun tafi, don haka ko kallonsa ba na yi. RAID 5 zai ba ka 12TB, yana jure mutuwar faifai ɗaya. RAID 10 da RAID 6 kowanne 8TB. RAID 10 ya fi sauri wajen rubutu, sai dai in biyun da suka mutu abokan juna ne, wato masu riƙe da kwafin bayanai iri ɗaya, shi ke nan. RAID 6 kuwa ko waɗanne biyu ne suka tafi, yana nan tsaye.

Ni RAID 6 nake zaɓa, kuma ga dalilina. Idan faifai ya mutu a RAID 5 ka sa sabo, sai sauran ukun su shiga karanta duk abin da ke cikinsu daga farko har ƙarshe don su cike sabon. Wannan kan ci awoyi masu yawa, wani lokaci ya kwana ya wuni. Faifan kuma sa'annin juna ne, rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha. A daidai wannan wahalar ne na biyu ya fi saurin mutuwa. Mai ofis zai yi ƙorafi cewa ya biya kuɗin 16TB an ba shi 8TB; a bar shi ya yi.

Wajen saye, nemi faifai irin CMR, ka guji SMR (hanyoyi biyu ne na rubuta bayanai a kan faifai), domin SMR yana rarrafe wajen sake gini, wato cike sabon faifai. Kafin ka zura su, rubuta lambar siriyal ta kowanne a takarda ka manna a bakin mazauninsa. Ranar da ɗaya ya mutu, wannan 'yar takardar ce za ta hana ka zare mai lafiya.

A Linux, umarnin shi ne:

mdadm --create /dev/md0 --level=6 --raid-devices=4 /dev/sdb /dev/sdc /dev/sdd /dev/sde

Duba sunayen faifan da umarnin lsblk tukuna, domin abin da ke cikin faifan zai salwanta. Bayan nan ka riƙa leƙa /proc/mdstat, fayil ɗin da ke nuna halin da faifan ke ciki. In ka ga [UUUU], lafiya lau. In ka ga [UU_U], ɗaya ya faɗi. Saba ba za ta yi ihu ba, aikinta za ta ci gaba da yi, shi ya sa nake sa adireshin imel a layin MAILADDR na fayil ɗin saiti mdadm.conf don a sanar da ni, in kuma aika saƙon gwaji in ga ya iso.

A nan gida ga ɗauke wuta ga ƙurar hunturu. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, bayanai na iya ruɗewa. Sa UPS (na'urar batir mai riƙe wuta) mai kebul na USB wanda zai kashe sabar cikin natsuwa kafin batir ya ƙare, ka kuma riƙa hure fankoki.

Duk da haka, RAID ba ajiyar ko-ta-kwana (backup) ba ne. Ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, nan take ya goge a duka huɗun. Haka manhajar 'yan neman kuɗin fansa, haka gobara, haka ɓarawon da ya saɓi akwatin gaba ɗaya. Tsarin 3-2-1 nake bi: kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kowane dare manhajar ajiya irin restic ko BorgBackup ta kwafi bayanan zuwa wata na'ura, ranar Juma'a kuma a ɗauki kwafi a faifan waje, a cire shi, mai ofis ya tafi da shi gida. Duk wata ka zaɓi fayil ɗaya, ka dawo da shi daga ajiyar zuwa wata kwamfuta, ka buɗe shi da idonka.