Bot ɗinka yana aiki a kwamfutarka, a sabar kuma ya yi shiru: kurakuran da aka fi yi

Ƙorafin masu haɗa bot na hira kusan iri ɗaya ne. "A kwamfutata sumul yake aiki, ina ɗora shi a sabar sai ya ɗauke wuta." Na wani yakan amsa na minti guda ya tsaya. Na wani yana amsa saƙo ɗaya sau uku, har mutanen guruf su fara tsokanarsa. Na wani kuma kullum sai da safe ake tarar da shi a mace. Yawanci kod ɗin lafiyarsa ƙalau. An dai kai bot ɗin wurin da ba a gina don irinsa ba, ko an kai shi wurin da ya dace ba a shirya masa zama ba.

Babban kuskuren: ba a san irin bot ɗin ba

Sabar yanar gizo, irin Apache ko Nginx, aikinta irin na ma'aikacin da ke bayan taga ne: ka kawo buƙata, ya biya maka, ka wuce, ya saurari na gaba. Bot da yawa kuwa masu gadi ne, dole su kwana a bakin ƙofa ido biyu. Bot na IRC, tsohon tsarin hira ta rubutu, tun daga Eggdrop da ya fito a 1993, riƙe layi yake yi ba ya saki, sabar hirar ta turo PING ya mayar da PONG, in ya yi jinkiri a kore shi. Bot na Discord da ke bi ta Gateway shi ma yana riƙe da WebSocket, wato layin da ke zama a buɗe, yana tura alamar cewa yana raye lokaci zuwa lokaci. Bot na Telegram mai amfani da getUpdates kuma zagaye yake yi babu ƙarshe, yana tambaya ko akwai sabon saƙo.

To sai mutum ya sayi hostin na haɗaka, wanda ɗaruruwan shafuka ke raba na'ura ɗaya, ya ɗora fayil ɗin PHP, ya buɗe adireshinsa a burauza don ya "kunna" bot. Zai yi aiki na ɗan lokaci. PHP bisa tsarinsa na asali daƙiƙa 30 yake ba shirin da aka kira ta yanar gizo, Nginx kuma yakan daina jiran amsa bayan daƙiƙa 60. Ko ka rubuta set_time_limit(0) ka tsallake na farko, mai hostin yana da nasa shirin da ke bi yana kashe duk abin da ya daɗe yana gudu. Ba mugunta ba ce. Na'urar ta jama'a ce, in kowa ya ajiye mai gadinsa a ciki ba za ta ɗauka ba. Kamfanoni da yawa ma sun rubuta ƙarara a sharuɗɗansu cewa ba su yarda da bot na IRC ko shirin da ke gudu a bayan fage ba, kuma sukan toshe ƙofofin fita (port) irin 6667 da 6697 da IRC ke bi. Wanda bai karanta ba sai ya wayi gari an dakatar da asusunsa, har da shafinsa da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Daga nan wasu kan koma ga cron, shirin da ke kunna aiki a lokacin da aka tsara, su sa ya tayar da bot ɗin kowane minti. Matsalar ita ce in na farko bai mutu ba na biyu ya taso, sai su zama biyu, can su zama biyar. Telegram ba ya yarda kwafi biyu su ja saƙo da mabuɗin sirri (token) ɗaya, sai ya riƙa dawo da kuskure mai lamba 409. In dole sai ka yi wannan dabarar, sa flock, umarnin kulle, a gaban umarnin don kada sabo ya tashi alhali tsohon na nan. Amma a ganina faci ne kawai, bot ɗin da kan yi minti guda kafin ya amsa sallama ba ya riƙe mutane.

Gyaran na gaskiya hanya biyu ce, kuma ka zaɓa tun kafin ka biya kuɗin hostin. In dandalin yana iya turo maka saƙo da kansa ta webhuk, wato adireshin sabarka da ka ba shi ya riƙa kira, kamar Telegram da Slack da umarnin Discord masu farawa da alamar /, to mayar da bot ɗin ya zama mai amsa buƙata, ya zauna lafiya ko a hostin na haɗaka. In kuwa dole ya riƙe layi, nemi VPS, wato sabar haya da kai ke da cikakken iko a kanta, ko da mafi ƙanƙanta ne.

Webhuk da tarkonsa

A nan ne aka fi shan wahala, domin kuskuren ba ya fitowa a allonka. Dandalin ne ke kiran sabarka, in an samu matsala shi ke gani, kai shiru kawai kake ji.

Telegram sai da HTTPS yake turo saƙo, kuma ƙofa huɗu kawai ya yarda da su: 443, 80, 88 da 8443. Wanda ya saba gwada manhajarsa a ƙofa ta 3000 ko 5000 ya ba da adireshin haka, ba abin da zai iso. Sa Nginx a gaba ya karɓa a 443 ya miƙa wa bot ɗin a ciki. Sai kuma satifiket ɗin HTTPS. Na Let's Encrypt kyauta ne, amma kwana 90 aka san shi da shi. Bot ɗin da ya yi wata uku lafiya sannan ya mutu rana ɗaya ba wanda ya taɓa shi, fara duba nan. Umarnin certbot renew --dry-run zai nuna maka ko sabuntawa ta atomatik tana aiki.

Kafin ka fara zargin kod ɗinka, kira getWebhookInfo. Zai faɗa maka adireshin da aka saita, yawan saƙonnin da ke jiran layi, da kuskuren ƙarshe da Telegram ya ci karo da shi. Mutane kan kwana suna sauya layukan kod alhali amsar tana rubuce a can. Ka kuma tuna webhuk da getUpdates ba sa tafiya tare. In ka saita webhuk a sabar sannan ka dawo kwamfutarka kana gwaji da getUpdates, 409 za ka gani har sai ka kira deleteWebhook.

Yanzu ga batun amsa sau uku. Dandalin ya turo saƙo, yana jiran sabarka ta ce ta karɓa, wato lamba 200. Kai kuma ka tsara bot ɗin ya fara yin aikin gaba ɗaya: ya tambayi rumbun bayanai, ya kira wata manhajar basirar na'ura da kan ɗauki daƙiƙa goma ko ashirin tana rubuta amsa, sannan ya ce ya karɓa. Slack daƙiƙa 3 yake jira, in bai ji ba ya sake turowa, har sau uku. Discord ma daƙiƙa 3 yake bayarwa don amsar farko, sai dai in ka ce masa "ina zuwa" a cikin lokacin, kana da minti 15 ka kawo cikakkiyar amsa. Telegram shi ma yana sake turowa in bai sami amsar nasara ba. Kowane maimaici bot ɗinka ɗauka yake sabon saƙo ne. In kuɗi kake biya kan kowane kira ga manhajar basirar, ka biya sau uku ke nan kan tambaya ɗaya.

Maganin: karɓi saƙon, ajiye shi a layin jira, mayar da 200 nan take, wani shiri daban ya yi aikin a tsanake. Sannan ka riƙa adana lambar shaidar kowane saƙo, a Telegram update_id ake kiranta, in ta sake zuwa ka yi watsi da ita.

Akwai wani mai kama da wannan da ya fi ban haushi. Ka rubuta kod ɗin da ke karanta rubutun saƙo kai tsaye, domin duk gwajin da ka yi da rubutu ka yi shi. Ranar nan wani ya turo hoto ko sitika. Saƙon ba shi da gurbin rubutu, kod ya faɗi, sabar ta mayar da lambar kuskure 500. Telegram ya sake turo sitikar, kod ya sake faɗi, sauran saƙonni suna taruwa a baya. Sitika guda ta tsayar da bot. Don haka duba nau'in saƙon kafin ka taɓa shi, ka kuma kewaye aikin da abin kama kuskure: a rubuta abin da ya faru a log, amma a mayar da 200.

Adireshin webhuk kuma a buɗe yake ga duniya. Duk wanda ya gano shi zai iya turo saƙon ƙarya da sunan shugaban guruf. Telegram yana ba ka damar saka secret_token lokacin saitawa, ya riƙa haɗo shi da kowane kira. Slack da Discord sa hannu suke yi kan saƙonninsu, kai kuma ka tantance. Discord ma ba zai karɓi adireshinka ba sai ya gwada ya ga kana ƙin saƙon da sa hannunsa bai inganta ba.

Ka sami VPS, ya sake mutuwa

Ka shiga sabar daga nesa ta SSH, ka kunna bot, yana aiki, ka rufe kwamfuta ka kwanta. Rufe tagar na tura wa shirin siginar SIGHUP, shi ke nan ya tafi. Ana ba da shawarar nohup ko tmux, kuma suna hana wannan, amma ba sa tayar da bot in ya faɗi da kansa, ko in na'urar ta sake kunnuwa bayan gyara. Aikin systemd ne wannan, shirin Linux mai tayar da shirye-shirye yana lura da su. Ɗan fayil ne mai layuka kaɗan, muhimman su ne:

User=bot
WorkingDirectory=/opt/bot
ExecStart=/opt/bot/venv/bin/python bot.py
Restart=always
RestartSec=5

Lura da cikakkiyar hanyar da aka rubuta zuwa Python. systemd ba ya karanta saitin da ka zuba a .bashrc, shi ya sa bot kan tashi da hannu ya ƙi tashi ta systemd, yana kukan bai ga wani kunshin kod (library) ba. Lura kuma da layin farko. Bot yana karɓar rubutu daga baƙi dare da rana, gudanar da shi a matsayin root, asusun da ke da cikakken iko, na nufin ƙaramar kafa a kod ɗinka ta miƙa na'urar gaba ɗaya. Kada ka manta systemctl enable, domin start kaɗai na yau ne.

In har yanzu yana mutuwa ba tare da barin wani kuskure ba, duba journalctl ko dmesg. A ƙaramin VPS, in RAM ta cika, Linux da kansa ke zaɓar shiri ya kashe, kuma bot ɗin da ke tara tarihin kowace hira a ƙwaƙwalwa ba ya zubarwa shi ne kan gaba a layi.

Masaukin kyauta kuwa a yi hattara da tsofaffin darussan intanet. Heroku ya rufe tsarinsa na kyauta tun 28 ga Nuwamba 2022, amma bidiyoyin da ke koyar da shi suna nan birjik. Na Render na kyauta yakan yi barci bayan minti 15 ba baƙo, farkawarsa kuma ta fi daƙiƙa ukun da Slack ke jira. Abin da ya fi ciwo shi ne faifan irin waɗannan wurare na wucin gadi ne. Ka ajiye masu rajista a fayil ɗin SQLite kusa da kod, aka sake kunna shirin, komai ya goge. Bayanan da kake so su daɗe, kai su rumbun da ke zaman kansa, irin PostgreSQL.

Mabuɗin sirri

Mabuɗin da BotFather, bot ɗin Telegram mai rajistar sababbin bot, ya ba ka shi ne bot ɗin. Wanda ya same shi zai yi magana da bakinka. Ana rubuta shi cikin kod a tura GitHub, akwai kuma shirye-shiryen da ba su da aiki sai laluben irinsa. Goge layin daga baya ba ya wadatarwa, Git na riƙe da tarihi. Soke shi kawai: /revoke a wurin BotFather, ka karɓi sabo. A hostin na haɗaka kuskuren yakan sauya kama: an raba mabuɗin da kod, an sa shi a fayil ɗin saiti na .env, madalla, sai kuma aka ajiye .env ɗin cikin public_html inda kowa zai iya sauke shi ta burauza. Matsar da shi sama da wannan folda. A Telegram mabuɗin yana cikin adireshin kowane kira da bot ke yi, saboda haka kafin ka liƙa log ɗinka a wani wuri kana neman taimako, share shi.

Ƙananan da ke cizo daga baya

Sanarwa ga mutum dubu a zagaye ɗaya ba hutu tana jawo kuskure mai lamba 429. Telegram kusan saƙo 30 a daƙiƙa yake bari, a guruf ɗaya kuma 20 a minti. Amsar tana zuwa da retry_after, adadin daƙiƙun da za ka jira, ka jira su. Saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 4096 a Telegram, 2000 a Discord, doguwar amsa sai an yanka ta.

Agogon sabar yawanci a UTC yake, wato agogon GMT, shi ya sa tunatarwar ƙarfe takwas ke zuwa a wani lokaci daban. In kana ganin alamun tambaya a madadin ɗ da ƙ, teburinka na MySQL ba a UTF-8 yake ba. In haruffa suna shiga amma emoji na jawo kuskure, tsohon utf8 na MySQL ne mai tsayawa a bayit uku, koma utf8mb4. Log ɗin da ba a datsewa kuma wata rana zai cika faifai, logrotate ke hana hakan, df -h ke tona shi.

Sai sa ido. Kada ka ɗora wa bot ɗin alhakin sanar da kai ya mutu, kada kuma ka ajiye mai lura da shi a na'ura ɗaya da shi. Sa wani shiri na waje ya riƙa taɓa adireshinsa kowane 'yan mintuna. In mai riƙe layi ne da ba shi da adireshi, juya tsarin: shi ya riƙa tura alama waje, in alamar ta yanke a aiko maka saƙo. Telegram awa 24 kawai yake ajiye saƙonnin da ba a karɓa ba, in ka wuce haka ba ka lura ba, abin da mutane suka rubuto a tsakani ya tafi.