Yadda ake binciken babbar lamba: misali da 4,294,967,297

Babbar lamba tsoratar da ido kawai take yi. In ka bi ta a hankali, za ta faɗa maka danginta. Bari mu gwada da 4,294,967,297, lambar da ta yaudari Pierre de Fermat na Faransa a 1640, har ya ɗauka firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta.

Da farko, dubi alƙalamin ƙarshe. Bakwai ne, don haka lambar mara ce, ba cika ba. 2 ba za ta raba ta ba, 5 ma haka. Kuma duk lambar da aka samu ta ninka wata lamba da kanta tana ƙarewa ne da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9, to wannan ba ta cikinsu.

Na biyu, tara alƙaluman duka. Za ka sami 59. Tunda 3 ba ta raba 59, an sallami 3 da 9.

Na uku shi ne wanda na fi so, don jifa ɗaya ce ke kayar da 7, 11 da 13. Yanka lambar uku-uku daga dama, ka riƙa ɗebewa kana ƙarawa: 297 − 967 + 294 − 4. Manta da alamar ɗebewa, abin da ya fito 380 ne. Babu ɗaya cikin ukun da ke raba 380, ashe ba sa raba uwar lambar. Sirrin shi ne 7 × 11 × 13 = 1001.

Na huɗu, san inda za ka tsaya. 65,536 sau 65,536 ya ba da 4,294,967,296, ƙasa da lambarmu da ɗaya tak. Saboda haka gwaji ba zai wuce 65,536 ba, don in lambobi biyu ne aka ninka suka ba da ita, dole ɗayarsu ba ta wuce nan ba. Amma firam 6,542 ne a ƙasa da wannan iyaka, kuma da biro da takarda wannan aikin watanni ne.

A nan sai ka dubi siffar lambar. Biyu ce aka jera guda 32 aka ninka su da juna (2 × 2 × 2 …), aka ƙara ɗaya. Leonhard Euler ya nuna cewa duk firam ɗin da zai raba ta, in ka raba shi da 64, saura ɗaya zai bari. Sai jerin ya tsuke: 193, 257, 449, 577, 641. In ka raba lambarmu da huɗun farko, suna barin saura. Na biyar ya shiga cif: 641 × 6,700,417. A 1732 Euler ya bayyana wannan.

Yanzu rubuta hukuncinka. Mara ce, ba firam ba ce, firam biyu ne suka haife ta, masu raba ta huɗu ne. In ka tara ukun da ba ita ba, 6,701,059 za ka samu, wanda bai ko kusa kai ta ba, don haka tana cikin lambobin da jimillar masu raba su ke gazawa.